Rabin Ƙwaƙwalwa Ya Ishe Ta, Ku Masu Cikakkiya Fa?

Ranar Laraba da ta wuce, a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, bakina ya ja mini. Cewa kawai na yi akwai likitan da ya buɗe kan wata yarinya 'yar shekara huɗu, ya cire rabin ƙwaƙwalwarta, ya mayar da ƙoƙon kan ya ɗinke, yarinyar kuma ta farfaɗo ta yi magana, ta girma har ta shiga makaranta. Mai shayi ya tsaya cak da sheƙa shayi, kofi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wani mahauci da muke zama da shi ya ajiye burodinsa ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Shekara ashirin ina fasa kan sa. Abin nan ko da yatsa ka lakace shi narkewa yake kamar kindirmo, shi ne za ka ce an yanke rabi an bar rabi?" Wanzamin unguwarmu, wanda yake ganin duk wuƙar da ta taɓa jikin ɗan Adam a ƙarƙashin sarautarsa take, ya ce shi dai iyakar saninsa belu ake cirewa yaro ya rayu. Wani Bazazzagi kuwa, kun san halinsu, cewa ya yi in har da gaske ne, to yau ya gano abin da ya sami Kanawa. Na ƙyale shi, don ba a biye wa Bazazzagi da daddare.

Na san ku ma masu karatu yanzu haka wasunku sun fara taɓe baki. Ku taɓe, ba haraji ake biya ba. Ni ba na ƙin mai shakka, don shi ne ba a cika sayar wa jabun magani a tasha ba. Abin da ke ba ni dariya da ku shi ne ba ku san inda ake ajiye shakkar ba. Abin da ya tabbata shi kuke tofarwa, wanda kuma ya kamata ku tauna shi kuke haɗiyewa har da lumshe ido.

Sunan likitan Ben Carson. Da yawanku ma kun san shi, don littafin tarihinsa mai suna Gifted Hands, wanda ya fito a 1990, ba a rasa shi a shimfiɗar masu sayar da littattafai a bakin jami'o'inmu, wasu kuma fim ɗin da aka yi a kansa a 2009 suka kalla. Baƙar fata ne, an haife shi a 1951 a Detroit, birnin kamfanonin mota da ke jihar Michigan ta Amurka. Uwarsa Sonya, in ji shi, an yi mata aure tana 'yar shekara 13. I, a Amurka, ku daina zaro ido. Karatunta bai wuce aji uku na firamare ba. Ben yana da shekara takwas auren ya mutu, ta rungumi 'ya'yanta biyu, shi da wansa Curtis, tana aikatau a gidajen masu kuɗi, gida biyu wani lokaci uku, ta fita da duhu ta dawo da duhu.

A aji biyar, in ji shi, shi ne kurar baya, yara suna kiransa daƙiƙi shi kuma ya yarda. Da aka gwada idonsa sai aka ga ashe ko allo ba ya gani sosai, aka ba shi tabarau. Sai uwar ta kafa doka. Talabijin an rage shi zuwa shiri biyu ko uku a mako. Kowane mako kowane yaro zai aro littafi biyu a laburaren gwamnati, ya karanta, ya rubuta abin da ya fahimta ya kawo mata. Sai ta karɓi takardar ta ƙura mata ido, ta ɗaure fuska, ta ɗauki biro ta ja layi nan ta yi alama can. Sai da suka girma suka gane da ƙyar take iya haɗa baƙi. Hajiya, ke da kike cewa "ni ban yi boko ba, ina ni ina duba aikin makaranta," kin ji dabarar 'yar'uwarki. Ɗaure fuska ba ya bukatar satifiket.

Ranar da abin ya juye, malamin kimiyya ya ɗaga wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi ya ce wa ya san wannan. Masu ƙoƙarin aji suka yi shiru. Daƙiƙin aji ya ɗaga hannu ya faɗi sunansa, ya ƙara da bayanin cewa narkakken dutsen aman wuta ne idan ya huce da sauri, don ya karanta a littafin laburare. Labari mai daɗi, ko? Ku lura dai daga bakinsa muka ji, kuma ban ga ɗayanku ya taɓe baki a nan ba.

Karatun kuwa ku ƙirga da yatsu, ku masu son ɗanku ya gama digiri yau gobe ya fara aiko da buhun shinkafa. Ya gama jami'ar Yale a 1973, ya gama makarantar likitanci ta jami'ar Michigan a 1977, ya shiga asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya shafe shekaru yana koyon tiyatar ƙwaƙwalwa, kwana a asibiti tashi a asibiti. Shi da kansa ya ba da labarin yadda wasu nas-nas kan ɗauke shi mai tura gadon marasa lafiya, saboda ba su saba ganin baƙi a wannan matsayi ba. A 1983 ya tafi Perth ta Ostireliya ya yi shekara guda, inda aiki ya yi yawa likitocin fannin suka yi kaɗan, hannunsa ya faɗa sosai. Ya dawo a 1984 aka ba shi shugabancin sashen tiyatar ƙwaƙwalwar yara na Johns Hopkins yana da shekara 33. A majalisarmu ɗan shekara 33 shi ake aika sayo sukari.

To, mahauci, matso kusa, ga maganar rabin ƙwaƙwalwa.

A 1985 aka kawo wata yarinya daga Denver mai fama da wata cuta da ake kira cutar Rasmussen, kumburi ne da ke cin ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa a hankali, ya bar ɗaya ɓarin lafiya lau. Alamarta farfaɗiya, amma ba irin wadda kuka sani mai zuwa wata-wata ba. Yarinyar nan tana jijjiga sama da sau ɗari a yini, wato kusan kowane minti goma sha biyar. Cin abinci ya zama haɗari, tafiya ta fara gagara, magana ta fara lalacewa, magunguna kuma an gwada sun ƙi. Da a wajenmu ne da tuni an ƙarar da turaren hayaƙin unguwa ana neman sunan aljanin. Can kuwa wani ƙwararren likitan farfaɗiyar yara mai suna John Freeman ne ya ce a cire ɓarin da ya lalace kacokan, Carson ya karɓi wuƙar.

Ba shi ya ƙirƙiro aikin ba, kada ku ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Tun shekarun 1920 wani likita mai suna Walter Dandy ya fara yin sa a wannan asibitin, aka zo aka yi watsi da shi saboda matsalolin zubar jini da kan biyo baya. Carson da abokan aikinsa farfaɗo da shi suka yi da kayan aiki na zamani. Ɓarin hagu aka cire wa yarinyar, aikin ya ci wajen awa goma. Shi ɓarin hagu shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wajen mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana, saboda haka fargabar kowa ita ce ta tashi bebiya. Ta tashi ta yi wa iyayenta magana.

Wanzami ya ce to ramin fa, auduga ake cusawa? A'a, ranka ya daɗe. Ita ƙwaƙwalwa dama cikin wani ruwa garai-garai take zaune, shi ne ke cike gurbin. Sirrin kuwa yana ga yarinta. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kamar gidan mata biyu ne da ba a gama raba girki ba, in ɗaya ta yi yaji ɗayar sai ta karɓi tukunya, gida ya ci gaba da cin tuwo. Ta babba kuwa kowacce ta riga ta kafe a kan ranar girkinta, in ɗaya ta fita sai a kwana da yunwa. Saboda haka kai mai furfura, kada ka ji wannan ka ce a rage maka taka don ta yi maka nauyi. Kuma ba kyauta ake samun sauƙin ba. Yaran da aka yi wa wannan aiki yawanci yatsun hannu ɗaya ba sa komawa daidai, sukan ɗan yi ɗingishi, kuma rabin filin ganinsu yakan tafi. Amma farfaɗiyar takan tsaya ko ta ragu ƙwarai, su yi karatu, su yi rayuwarsu. An yi wa yara da dama, a Baltimore da wasu asibitocin duniya, ana kuma kan yi. Wannan shi ne abin da kuka ƙaryata.

Yanzu ga wanda kuka haɗiye. Duk wanda ya taɓa jin sunan Carson zai ce maka, "Ai shi ne ya raba tagwayen nan cikin nasara." Ko mahaucinmu da ya ƙi yarda da rabin ƙwaƙwalwa, wannan bai yi musu ba, don ya gani a fim.

Tagwayen Binder ke nan, maza biyu daga garin Ulm na Jamus ta Yamma, an haife su manne ta ƙeya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Matsalar ba ƙashi ba ce, ƙashi ana iya yankawa. Wata babbar jijiya ce da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa suka yi tarayya a kanta, wadda in aka tsaga ta jini na gudu, jariri zai tsiyaye kafin a zare allura. Sai aka yi wata dabara mai sa tsigar jiki tashi. Likitocin zuciya suka haɗa jariran da na'ura, aka sanyaya jikinsu zuwa wajen digiri 20, aka tsayar da zuciyoyinsu, jini ya daina zagayawa. Sanyi yana rage wa ƙwaƙwalwa bukatar iska, amma rancen lokaci ne, bai wuce awa guda ba. Cikin wannan awar za a raba jijiyar, a gina wa kowanne tasa, a mayar da jini, a tayar da zuciya. Watanni suka yi suna gwaji da 'yan tsana biyu da aka manne wa kai, har inda kowa zai tsaya an tsara. A watan Satumba na 1987, jariran suna da wata bakwai, mutum 70 suka yi awa 22 a kan aikin. Duka biyun suka fita da rai, abin da ba a taɓa samu ba ga tagwaye masu manne ta ƙeya. Jaridun duniya suka ɗauka.

Nan fim ya ƙare, aka kunna fitila, kuka tashi kuna tafi. Wa ya tambayi yaran bayan sun koma Jamus? Dukansu sun sami mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Babu wanda ya iya kula da kansa a cikinsu, daga baya gidan kula da nakasassu aka kai su. Uwarsu ta fito a wata mujallar ƙasarsu ta ce tana nadamar yarda da aikin. Ina masu shakka? Ina taɓe bakin? Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sau biyar Carson ya shiga irin wannan aiki. A 1994 a Afirka ta Kudu, 'yan mata biyu, duka suka rasu. A 1997, a asibitin Ga-Rankuwa kusa da Pretoria, tare da likitocin Afirka ta Kudu, aka raba wasu maza 'yan Zambiya masu manne ta tsakar ka, awa 28, suka rayu suka koma gida da lafiyarsu. Wannan ita ce nasarar da ta cancanci ganga, amma ita ce ba ku sani ba, ƙila don ba a yi mata fim ba. A 2003 a Singafo, ƙarƙashin jagorancin likita Keith Goh, aka yi ƙoƙarin raba Ladan da Laleh Bijani, 'yan Iran masu shekara 29. Dukansu sun karanta shari'a, ɗaya tana son lauyanci ɗaya aikin jarida, kai kuma a haɗe, inda ɗaya ta nufa dole ɗaya ta bi. Likitocin Jamus sun taɓa ƙin taɓa su saboda haɗarin. Su suka nace, sun san abin da ke ciki. Jini ya ɓalle, duka biyun suka rasu. A 2004 a Baltimore, wasu jarirai mata daga Jamus, ɗaya ta rasu ɗaya ta rayu. Ku tara: mutum goma, biyar sun rasu a tiyata ko jim kaɗan bayanta.

Kada wani ya ce na zo ɓata wa bawan Allah suna. Waɗannan ayyuka ne da likitoci da yawa suke gudu, wanda kuma ya shiga rijiya ceton wani ba a yi masa gorin jiƙa riga. Mutumin gwani ne, a 2008 ma Shugaba George W. Bush ya rataya masa lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula. Da ku nake, masu ɗaukar "an raba su" daidai da "sun warke."

Shi kuwa aikin yau da kullum na likitan ƙwaƙwalwar yara ba ya shiga jarida. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, da yaron da ya faɗo daga bene, da jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya, sai kuma uwa-uba ruwa a kai. Ruwan nan da na ce ƙwaƙwalwa na zaune a cikinsa kullum ana samar da sabo, tsohon yana fita. In hanya ta toshe, ƙoƙon kan jariri kuma bai gama haɗewa ba, sai kai ya yi ta girma, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, idanu su riƙa kallon ƙasa. Maganin da aka fi yi wani siririn bututu ne da ake bi da shi ta ƙarƙashin fata, daga kai ta bayan kunne har cikin ciki, ruwan ya riƙa sauka can jiki ya shanye. Kun san wa ya taimaka wajen gyara ɗan makullin da ke daidaita saukar ruwan? Wani mai aikin injina ne a Philadelphia, John Holter, wanda aka haifa masa ɗa da wannan lalura a shekarun 1950, ya shiga ɗakin aikinsa ya ƙera. Ku kai wa bakaniken unguwarku labari, ko ya rage raina kansa.

Kuma wannan ɓangaren ba sai an je Amurka ba. Ita wannan jami'a ta Michigan da Carson ya yi, can Latunde Odeku ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa tun Carson yana firamare, ya dawo ya buɗe sashen a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. Asibitin koyarwa na Sakkwato ma yana da cibiyar wannan aiki. To Inna, in kan jikanki ya fi hular bara girma cikin wata guda, ba kan sarauta ba ne, kuma kishiyar 'yarki ba ta da hannu. A kai shi a duba.

Saura ƙarshen labari, wanda masu sayar da littafin bakin titi ba su da shi. Carson ya ajiye wuƙa a 2013. A farkon shekarar ya yi wani jawabi a taron addu'ar ƙasa, Shugaba Obama na zaune a gefensa, ya soki manufofin gwamnati, 'yan jam'iyyar Republican suka ce ga namu. A 2015 ya fito takarar shugaban ƙasa, har ya ɗan taɓa shiga gaba a ƙuri'un jin ra'ayi. Nan 'yan jarida suka buɗe littafin nan da kuka haɗiye suka fara tauna. A ciki ya ce yana ɗan shekara 14 zuciya ta ɗebe shi ya kai wa abokinsa suka da wuƙa, Allah ya sa ta daki ƙarfen bel ta karye, daga nan ya kulle kansa yana addu'a har aka yaye masa zafin rai. Tashar CNN ta bi waɗanda suka san shi a yarinta, suka ce su yaro mai sanyi suka sani. Sai ga ɗan takara yana kumfar baki shi lallai ya kai sukan, sunan ne kawai ya sauya, kuma ɗan'uwansa ne na jini. Mu nan ɗan takara rantsuwa yake bai taɓa ba, can kuwa rantsuwa yake ya taɓa.

A watan Satumba na shekarar ya faɗa a tashar NBC cewa shi ba zai goyi bayan a ɗora Musulmi a kan shugabancin Amurka ba, alhali tsarin mulkin ƙasar da yake neman rantsuwa a kansa ya hana gindaya sharaɗin addini ga kowane muƙami. Malam, kai da ka saya wa ɗanka littafin har kwafi biyu, ina fata ka ji. Kada dai ka ƙona, dokar uwar tana nan da amfaninta. Ya janye daga takara a watan Maris na 2016, ya mara wa Donald Trump baya, aka ba shi ministan gidaje da raya birane daga 2017 zuwa 2021. Likitan ƙwaƙwalwa a ma'aikatar gidaje. Ashe ba mu kaɗai muka iya irin wannan naɗin ba.

Amma wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne na dalar Masar. An tono wani jawabi da ya yi wa ɗalibai a jami'ar Andrews a 1998, inda ya ce a ganinsa Annabi Yusuf, alaihis salam, shi ya gina dalolin nan don ajiye hatsi. Aka tambaye shi a 2015, ya ce yana nan a kan bakansa. Tara hatsi na shekara bakwai kam babu mai ja, amma dalolin kaburburan Fir'aunoni ne, babbar cikinsu ta Giza ta kai shekara 4,500, kuma kusan gaba ɗayanta cunkushe take da dutse, sai 'yan siraran lunguna da ɗakuna ƙalilan. Kowane manomi a ƙauyenmu ya san abu na farko da ake nema a rumbu shi ne ciki. Mutumin da ya san kowane lungu na ƙwaƙwalwar jariri, ga shi rumbu ya kayar da shi.

Da na kawo nan a teburin mai shayi, ina jira a fashe da dariya. Sai na ga mahauci ya yi shiru yana gyaɗa kai. Ya kurɓi shayi ya ce, "To ai wannan kam, Malam, akwai ƙamshin gaskiya. Ka dubi tsinin abin nan, sak rumbu." Wanzami ya ce shi ma tun yana yaro yake wannan tunanin. Bazazzagi ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi, na ce a kawo masa ƙwai biyu a lissafina. Mai shayi ya ce lissafin nawa na makon jiya ma yana nan bai ga ko sisi ba.